Hawan jini da suga: asibitin kusa ko Komfo Anokye?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Kin ce tana da hawan jini da ciwon suga, kuna zaune a unguwar Aboabo da ke Kumasi a Ghana, kuma kan 'yan'uwa ya rabu: wasu na son a riƙa kai ta babban asibitin Komfo Anokye duk wata, wasu sun ce asibitin kusa ya isa.

Shawarata, ku tsayar mata da wuri guda kusa da gida, kamar asibitin Manhyia, ku zauna a nan. Waɗannan cututtuka ba a sha musu magani a warke kamar zazzaɓi, zama ake da su shekara da shekaru. Abin da tsofaffinmu ke nema bai wuce wanda ya san su ba, wanda ba sai sun sake ba shi labari daga farko ba, sai ranar zuwa tsayayya, sai a samu magani a wurin. Suna da gaskiya. Wadda sai ta hau trotro, wato motar haya, da asuba ta wuni a layi, wata rana za ta ce ƙafa ta hana, daga nan zuwa ya yanke. Komfo Anokye asibitin ƙwararru ne, can ake tura mutum da takarda idan ciwon ya taɓa ƙoda, ido ko zuciya.

Inda aka fi samun ɓarna shi ne yawon asibiti. Yau nan, gobe can, jibi shagon magani. Kowa ya rubuta nasa, sai a tarar tana haɗa amlodipine da nifedipine, alhali duka maganin hawan jini ne, aikinsu ɗaya. Ku sayi ƙaramin littafi, a rubuta kwanan wata, awon jini, awon suga da sunan kowane magani da ƙarfinsa. Ranar ganin likita a zuba duk magungunan a leda a tafi da su, har da na gargajiya da na ciwon jiki, domin irin su diclofenac na ɗaga jini, suna kuma wahalar da ƙoda.

Ki lura da yadda ake awon jinin. Ta zauna minti 5 ta jingina baya, hannu a kan tebur daidai ƙirji, kuma kada ta ci goro ko ta sha shayi rabin awa kafin nan. A auna sau biyu. Ana son ya tsaya ƙasa da 140/90. Suga kuwa, awon safiya kaɗai yana ruɗi, don wasu kan kame baki kwana biyu kafin ranar. Ki nemi a yi mata HbA1c, mai nuna halin kusan wata uku, yawanci ana son ƙasa da 7%. Sau ɗaya a shekara a duba ƙoda da ido. Ƙafa kuma duk zuwa ta cire takalmi a duba har tsakanin yatsu, ko ba a tambaya ba.

Idan ƙafa ta kumbura da amlodipine, ko lisinopril, wani maganin hawan jinin, ya sa ta busasshen tari, kada ta daina a ɓoye. Ta faɗa, akwai madadinsu. Idan awo ya daidaita, ki roƙi a ba ta maganin wata biyu ko uku maimakon ɗaya. Katin NHIS ɗinta, na inshorar lafiya, a sabunta shi a waya ta *929# tun bai mutu ba, metformin na suga da amlodipine suna cikin jerin magungunan da yake biya.

Kafin azumi da wata ɗaya zuwa biyu ku je a gyara mata lokutan shan magani, musamman idan tana allurar insulin ko tana shan glibenclamide, wanda ke kayar da suga a jikin tsofaffi. Idan awon suga ya sauka ƙasa da 3.9, ko ta fara rawar jiki da gumi, ta karya azumin nan take.

Idan baki ya karkace, gefe ɗaya ya mutu, magana ta sarƙe, ko ƙirji ya ɗaure, wannan ba na jiran ranar asibiti ba ne. Ku kira 112 ko ku ɗauke ta kai tsaye zuwa sashen gaggawa na Komfo Anokye, da littafin nan a hannu.