Ni bahago ne, koci ya ce sai na koma dama: in sayi sandunan golf ɗin ko in dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekarata 46, wata uku ke nan ina zuwa filin golf na Kaduna da sandunan aro. Ni bahago ne amma kocina ya dage sai na koma dama wai sandunan hagu wahalar samu gare su, kuma kullum faɗa yake ba na kai sanda baya sosai, alhali ina da tsohon ciwon kafaɗa tun da na faɗo daga doki. Yanzu an kawo min cikakken saitin dama na hannu, in saya? Daga Malali.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Riƙe kuɗinka tukuna. Gaskiyar koci ne cewa na hagu sun fi wuyar samu, amma wannan matsalar kasuwa ce ba ta jikinka ba. Bubba Watson, ɗan wasan golf na Amurka, da hagu yake bugawa, ya ci Masters, ɗaya daga cikin manyan gasannin golf na duniya, a 2012 da 2014. Sai dai kada ka ɗauka hannun da kake rubutu da shi shi ne alƙali, don Phil Mickelson, shi ma shahararren ɗan golf na Amurka, komai nasa da dama yake yi amma golf da hagu, saboda yana yaro yakan tsaya gaban mahaifinsa yana kwaikwayonsa kamar madubi. To ka ari sanda mai lamba 7 ta kowane ɓangare, ka buga ƙwallo ashirin ashirin a ranaku daban daban, inda ka fi samun tsakiyar sanda ba tare da ka matse jiki ba, nan ne ɓangarenka.

Maganar kafaɗar ce ta fi damuna wallahi. Jon Rahm ɗan Sifaniya an haife shi da lanƙwasasshiyar ƙafar dama, idon sawunsa ba ya juyawa sosai, shi ya sa ba ya kai sanda baya da nisa, kuma da gajeren bugun nan ya ci babbar gasar US Open a 2021 da Masters a 2023. Ƙwallo ba ruwanta da kyan tsayuwarka, abin da ta sani shi ne inda fuskar sanda ke kallo lokacin da ta same ta da hanyar da sandar ta biyo, saboda haka kocin kirki zai fara tambayarka ina ke ciwo, ya ga iya inda kafaɗar ke tsayawa, sannan ya gyara riƙo da wurin ajiye ƙwallo, ba ya ce sai ka yi irin na talabijin ba. Ka faɗa masa zancen dokin cikin mutunci, in ya ƙi ji ka gwada wani, kuma ka nuna wa likita kafaɗar.

In ka tashi saye, doka ta yarda da sanda 14 a jaka amma sabon shiga biyar ko shida sun ishe shi. Nemi marasa nauyi masu harafin R ko A a jiki, masu S sun fi tauri.

Tambaya: Ɗana shekararsa 9, in yanke masa tsofaffin sandunan babansa? Daga Barnawa.

Amsa: A'a Hajiya. In an yanke sandar manya tauri take ƙarawa kuma kanta yana nan da nauyinsa, sai yaro ya koyi fizga da dukan jiki. Ki nemi na yara daidai tsayinsa, guda uku sun isa, nan da shekara biyu ma ya wuce su.