Ɗan bautar ƙasa ya tafi da kalmar sirrin rajistarmu, in share komai in fara sabo?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ina rubuto maka daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Kafin Hausa, jihar Jigawa. Mu 'yan ƙungiya ne masu gyaran famfon tuka-tuka da rijiyoyin burtsatse masu aiki da sola a ƙauyukan yankinmu. Wani ɗan bautar ƙasa da ya zauna da mu ya ɗora mana manhajar Roundup a kan wata tsohuwar laftof mai Ubuntu, a ciki muke rubuta duk famfon da ya lalace da wanda aka tura gyaransa. Ya gama ya tafi, layinsa ba ya shiga, kuma bai bar mana kalmar sirrin babban mai kula ba. Ta buɗe laftof ɗin kaɗai nake da ita. Yanzu rajistar ta cika da maimaici, famfo ɗaya sai mutum huɗu su shigar da ƙorafinsa, ga kuma mutum biyu da suka bar aiki amma sunayensu na nan. Wani abokina ya ce in shiga baƙin allon nan da ake rubuta umarni in share komai in fara sabo. Ni dai tsoro nake ji. Me ka gani?

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya saka muku da alheri, shayar da ruwa ba ƙaramin aiki ba ne.

Tsoron nan da kake ji riƙe shi, zai yi maka amfani. Shawarar abokinka kuwa ajiye ta gefe. Abin da ke cikin laftof ɗin nan shi ne tarihin famfunanku: wanne ne yake cinye roba duk wata uku, wanne ne bututunsa ya taɓa zurmawa, wane makaniki ne ya taɓa shi ƙarshe. In ka share, ka zubar da hatsin rumbu ne don kawai makullin ƙofa ya ɓata. Kuma makullin nan ana sake shi cikin minti biyar.

Roundup tana zuwa da wani kayan aiki mai suna roundup-admin. Shi ne ƙofar bayan gida, wanda ke zaune gaban laftof ɗin yake bi ta nan ya yi magana da rumbun bayanan kai tsaye, ba sai ya bi ta burauza ba. Ba ya tambayar ka kalmar sirrin rajistar, yana ɗaukar ka a matsayin babban mai kula tun daga farko. Wannan ne zai cece ka yau, kuma wannan ne haɗarinsa: abin da ka ce ya yi, yi zai yi. Manhajar kanta kada ka raina ta don ta tsufa. Ka-Ping Yee ne ya tsara ta a shekarar 2000, Richard Jones ya fitar da ita a 2001, kuma masu haɓaka harshen rubuta manhaja na Python sun yi shekaru suna tattara matsalolinsu a cikinta, daga 2007 har zuwa 2022 da suka koma GitHub. Ƙorafin famfunan ƙaramar hukuma ɗaya ba zai yi mata nauyi ba.

Fara da gano inda rajistar take zaune. Buɗe baƙin allon ka rubuta:

ps aux | grep roundup

In ta hanyar da aka fi sabawa ya ɗora ta, za ka ga layi mai ɗauke da roundup-server. A farkon layin akwai sunan mai amfanin da ke tafiyar da ita, sai wata lamba, a ƙarshensa kuma akwai hanyar foldar rajistar. Ɗauko biro ka kwafe layin nan gaba ɗaya a takarda, domin da umarnin da ke ƙarshensa, mai ɗauke da roundup-server, za ka sake tayar da ita in ka tsayar. Bari mu ɗauka mai amfanin sunansa ruwa, foldar kuma /home/ruwa/rajista ce. Kai sai ka sa naka. In ka leƙa ciki ka ga config.ini da schema.py da wata folda mai suna db, ka iso gida.

Kafin ka taɓa komai, ɗauki kwafin ajiya. A nan zan daɗe, don a nan ne mutane suke yin asarar da ba ta gyaruwa. Ka zaɓi lokacin da babu mai shigar da ƙorafi, bayan la'asar misali, ka tsayar da roundup-server. In hidima ce da ke tashi da kanta, sudo systemctl stop da sunanta. In ba haka ba, sudo kill da lambar nan da ka gani kusa da sunan mai amfani. Sannan:

sudo tar czf ajiya-14-agusta.tar.gz /home/ruwa/rajista

Dukkan foldar za ka naɗe, kada ka tsinci fayil ɗaya. Ƙananan rajistoci irin taku yawanci a kan SQLite suke, inda teburan bayanai ke cikin fayil guda a foldar db. Mutane da yawa sai su kwafi wannan fayil ɗin kaɗai su kwanta da daɗi. Alhali rubutun saƙonnin da makanikai suka yi, da hotunan famfunan da suka ɗora, ba a cikinsa suke ba. Suna gefe, a db/files. Wanda ya kwafi fayil ɗin teburi kaɗai zai wayi gari da sunayen matsaloli babu bayaninsu, kamar buhuna da rubutu a jiki amma ciki wayam. Haka kuma duk wani gyara da ɗan bautar ƙasar ya yi wa tsarin, kamar ƙara gurbin sunan ƙauye ko nau'in famfo, a schema.py da foldar html yake. Dalilin tsayar da manhajar kafin kwafi kuwa, in tana cikin rubutu ka kwafa, kana iya samun fayil rabi sabo rabi tsoho, kuma ba za ka gane ba sai ranar da kake buƙatarsa.

Kwafin nan kada ya kwana a laftof ɗin kaɗai. Sa shi a filashi biyu, ɗaya ya tafi gidan wani a wani gari daban. Kai ka fi ni sanin yadda ruwa yake yi a ƙasar Haɗeja in Agusta da Satumba suka kama, kuma ambaliyar 2022 ba ta yi nisan da za a manta ba. Manomi mai hankali ba ya tara irin shukarsa duka a ɗaki ɗaya. Ga ƙurar hunturu da zafin bazara, su ma suna cin tsohuwar na'ura a hankali.

Ɗaukewar wuta ba ta cika ba ni tsoro a nan ba. Batirin laftof yana riƙe ta na ɗan lokaci, SQLite kuma an gina ta ne yadda rubutun da bai kammala ba zai koma yadda yake a da. Abu ɗaya dai: in ka ga fayil kusa da na teburin wanda sunansa ya ƙare da -journal ko -wal, kada ka goge shi da sunan shara. Da shi take gyara kanta.

To, yanzu sai makulli. Shiga haka:

sudo -u ruwa roundup-admin -i /home/ruwa/rajista

Wannan -u ruwa ɗin kada ka tsallake shi. In ka shiga da sudo tsurarsa, sababbin fayilolin da za a ƙirƙira za su zama mallakar babban mai na'ura, sai manhajar ta tashi ta kasa rubutu a cikin gidanta, ku kuma ku ɗauka ta lalace.

Ka lura ban haɗa wani umarni a ƙarshen layin ba, kuma da gangan ne. In ka shiga haka, zai tsaya yana jiran ka, kuma duk canjin da ka yi ba ya tabbata sai ka rubuta commit. In ka ga ka yi kuskure, rollback zai mayar da kai inda ka tabbatar na ƙarshe. Amma in ka liƙa umarnin a layi ɗaya da roundup-admin ka danna, nan take yake tabbatarwa, babu waiwaye. Sabon hannu irinka ya riƙa shiga ciki tukuna.

Rubuta list user ka ga sunayen kowa da lambarsa. A tsarin da Roundup ke zuwa da shi, na ɗaya shi ne admin, na biyu anonymous, wato baƙon da bai shiga da suna ba. Waɗannan biyun gyaran kalmar sirri kaɗai ya halatta maka a kan na farko, na biyun kuwa bar shi yadda ka same shi. Sai:

set user1 password=wucingadi
commit

Ka tayar da manhajar, ka shiga ta burauza da wannan, ka canza ta zuwa ta gaske a can. Na ce ka fara da ta wucin gadi ne domin abin da aka rubuta a baƙin allo yakan zauna a tarihin umarni, mai zuwa bayanka yana iya gani.

Mutum biyun da suka bar aiki, in lambobinsu 7 da 9 ne, retire user7 da retire user9 sun wadatar. Ba za su ƙara iya shiga ba, ba za su fito a jerin waɗanda ake tura wa aiki ba, amma sunansu na nan a jikin duk gyaran da suka yi. In ɗayansu ya dawo bayan girbi, restore user7 ya dawo da shi. A cikin umarnan roundup-admin babu na hallaka abu guda har abada, kuma ni ina ganin hikima ce.

Maganar maimaici ita ce wadda nake so ka sake tunani a kanta. Mutum huɗu su kai ƙorafin famfo ɗaya, wannan ai labari ne: yana gaya maka yawan waɗanda ƙishirwa ta taɓa, da kwana nawa mata da yara suka yi suna zuwa rijiyar nesa kafin a zo gyara. Ranar da za ku nemi tallafin kayan gyara, irin wannan shaidar za a tambaye ku. Don haka ni ba na so ka ɓoye su da retire, ka ɗaure su ne a jikin na asali. Duba tukuna da table issue id,title,status don ka ga jerin duka. Matsayin kowanne lamba zai fito, list status zai fassara maka lambobin. In kana shakkar wani, display issue57 zai baje maka shi, history issue57 kuma ya nuna wanda ya canza me da yaushe. In ka tabbatar 57 da 58 da 63 duk famfon da ke cikin ƙorafi mai lamba 41 suke nufi:

set issue57,issue58,issue63 superseder=41 status=resolved

Wato an rufe su, an kuma nuna cewa 41 ce ta maye gurbinsu. Wannan bisa tsarin asali ne. In ɗan bautar ƙasar ya canza sunayen gurabe, specification issue zai nuna maka sunayen da ke akwai. Wanda aka shigar bisa kuskure tsantsa, kamar gwajin da wani ya yi yana koyo, shi ne ya cancanci retire.

Ga wurin da nake so ka buɗe ido sosai. Umarnin set yana karɓar lambar abu guda, yana kuma karɓar sunan rukuni gaba ɗaya. In ka rubuta issue57, matsala ɗaya ka taɓa. In hannunka ya zame ka rubuta issue babu lamba, ka ce masa duk matsalolin da ke rajistar ke nan, kuma ba zai tambaye ka ko ka tabbata ba. Na taɓa zama da wani ma'aikaci a wani ofis da wannan ta faru da shi. Ya liƙa umarnin a layi ɗaya, cikin ƙiftawar ido duk ƙorafin da ke buɗe ya koma an warware, kuma ba shi da kwafin ajiya. Kwana biyu muka yi muna bin tarihin kowace matsala ɗaya bayan ɗaya muna mayar da ita matsayinta. Tarihin nan ne ya fitar da mu. Da a ciki ya rubuta, da rollback guda ta gama magana. Saboda haka bayan kowane set, sake duba da table kafin ka ce commit.

Umarni biyu kuma ka yi nesa da su. Na farko initialise, wanda nake zaton shi abokinka yake nufi: a kan rajistar da ke da kaya, zai gargaɗe ka sau ɗaya, in ka amsa masa ya shafe komai. Na biyu pack, mai goge tsohon tarihin canje-canje don rage nauyi. Rajistarku ba ta kai girman da za ta buƙace shi ba, kuma abin da ya goge ba ya dawowa. Garin neman gira kada a rasa ido.

Wani zai zo ya ce maka ai ya iya SQL, wato harshen da ake magana da rumbun bayanai da shi, bari ya buɗe fayil ɗin teburin kai tsaye ya gyara. Ka ba shi haƙuri. Gyaran da aka yi ta can ba ya shiga tarihi, kuma matsala guda tana da igiyoyi a tebura da yawa, saƙonninta a nan, masu bibiyarta a can. Ya yanke ɗaya ya bar saura, shafin ya daina buɗewa. In leƙawa yake so ya yi, ba shi kwafi ya leƙa.

Akwai kuma export, wanda ke zazzage bayanan zuwa fayilolin CSV tare da saƙonni da hotuna a foldar da ka nuna masa. Yana da amfani ranar da za ku ƙaura zuwa sabuwar na'ura ko wani nau'in rumbu irin PostgreSQL, inda import zai loda su. Sai dai ba ya ɗauko config.ini da schema.py, don haka ƙari ne a kan naɗe foldar. Kuma kada ka gwada import a kan rajistar da kuke aiki da ita, domin duk abin da lambarsa ta zo ɗaya da na cikin fayil ɗin, danne shi zai yi.

Kwafin ajiyar ka mayar da shi al'ada, sati-sati, ka ɗaura shi a kan ranar kasuwarku don kada ka manta. Sau ɗaya kuma ka kwance ɗaya a wata folda daban da tar xzf, ka nuna wa roundup-admin can, ka ce list issue, ka buɗe db/files ka ga hotunan suna nan. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Daga ƙarshe ka ɗauko takardar nan da ka kwafi layin farko a kai. Ƙara hanyar foldar, sunan mai amfani, sabuwar kalmar sirri, da inda filashi biyun suke. Ka sa a ambulan ka liƙe, ka miƙa wa shugaban ƙungiyarku a gaban sakatare, sannan ka zaunar da mutum ɗaya cikin matasanku ya yi kwafin ajiyar sati mai zuwa da hannunsa kana kallo. In wani saƙo ya fito a allon da ba ka gane ba, kada ka danna komai, kwafo shi harafi da harafi ka aiko mini. Ka gaida mutanen Kafin Hausa.