Amsa: Za a iya cin abinci da barkwanci?

Ɗan'uwa, ka ce abokai na ƙyaƙyatawa in ka yi magana a majalisa, kana tambaya ko abin zai zama sana'a. Zai iya, amma dariyar majalisa kyauta ce. Wanda ya biya kuɗi ba ya yin kara.

In karatu kake so, ABU Zariya da Jami'ar Jos duk suna da sashen wasan kwaikwayo. Nan za ka koyi sarrafa murya da tsayuwa gaban jama'a.

Kuɗin kuwa, a ganina, yana wajen aikin MC, wato mai gabatar da taro: dina, taron kamfanoni, ƙaddamar da kaya. Ali Baba, mai barkwanci na Legas, ta wannan hanyar ya yi suna. Sai dai taron ma'aikata daban ne da gidan biki. Na taɓa zolayar wani manaja a kan tumbinsa, zauren ya yi tsit, ba su sake kirana ba. Yanzu kafin in karɓi makirufo sai na tambayi su wa za su zauna a gaba. Kuma ka karɓi rabin kuɗinka tun kafin ranar.

In kuma kana tunanin shiga jawabin zaburarwa, wato na ƙarfafa wa mutane gwiwa, bari sai ka yi abin nunawa tukuna.