Me ya sa 7, 15, 23 da 28 ba sa fitowa daga murabba'i uku?

Tambaya: Malam, ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare a Katsina. Na ba ɗalibaina aikin rubuta lambobi a matsayin jimlar murabba'i uku, kamar 14 = 9 + 4 + 1 (murabba'i shi ne abin da ake samu idan aka ninka lamba da kanta, kamar 3 × 3 = 9), kuma na yarda su sa sifiri. Sai 7, 15, 23 da 28 suka gagare mu duka. Kasawarmu ce, ko akwai dalili?

Amsa: Malama, ba kasawarku ba ce, domin ko shekara kuka yi kuna nema ba za ku samu ba. Lambobin nan su ne farkon wani jeri da masana lissafi suka daɗe da sani: 7, 15, 23, 28, 31, 39, 47, 55, 60, 63, haka har abada.

Dalilin yana cikin ragowa. Duk murabba'in da aka raba da 8, abin da zai rage ba ya wuce 0, 1 ko 4. Ki gwada da 9, 16, 25, 36 da 49 ki gani. To idan aka haɗa uku daga cikin waɗannan ragowar ta kowace hanya, sannan aka sake rabawa da 8, ana iya samun komai daga 0 zuwa 6, amma 7 ba ta taɓa fitowa. Saboda haka duk lambar da ragowarta 7 ce, kamar 15, 23 da 31, ba ta da mafita.

Lamarin 28 ne ya fi burge ni, domin ragowarta 4 ce, kuma a ido kamar ta tsira. Sai dai jimlar murabba'i uku ba ta rabuwa da 4 sai idan dukkan lambobin da aka ninka suna rabuwa da 2. Da a ce 28 ta yiwu, da sai mu raba kowane murabba'i da 4 mu sami 7 daga murabba'i uku, abin da muka riga muka ga ba ya yiwuwa. Haka 60 take komawa 15, haka 112 take komawa 28.

Wannan ɓangaren ɗalibanki za su iya bin sa a allo. Mai wuyar shi ne tabbatar da cewa duk lambar da ba ta cikin jerin tana fitowa daga murabba'i uku, kuma wannan aikin Legendre ne na Faransa a ƙarshen ƙarni na 18, sannan Gauss na Jamus ya kawo tasa hujjar a 1801. Kusan kashi ɗaya cikin shida na lambobi ne ke faɗawa cikin jerin.

Idan kika ƙara musu murabba'i na huɗu, babu lambar da za ta gagara, kamar yadda Lagrange ya tabbatar a 1770. Ki fara musu da 23 = 9 + 9 + 4 + 1, su kuma su nemo na 28 da 31 da kansu.