Kebul ɗina USB-C ne, me ya sa bayanai ke tafiyar hawainiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi ma'ajiyar bayanai ta waje, irin SSD ɗin nan, an rubuta a kwalinta tana gudun gigabit 10 a daƙiƙa. Amma in na jona ta da kwamfuta da kebul ɗin cajin wayata, bidiyo mai gigabait 50 sai ya ci minti ashirin da wani abu kafin ya gama kwafuwa. Kebul ɗin USB-C ne, kafar kwamfutar ma haka. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ina kyautata zaton ma'ajiyarka lafiyarta lau, kebul ɗin ne ya riƙe ta. USB-C sunan siffar baki ne kawai, wanda aka fitar a 2014. Bai faɗa maka komai game da gudu ba. Kama da wane ba wane ba ne.

Bakin USB-C na da ƙananan haƙora 24, amma ba kowane kebul ake jona wa dukansu ba. Yawancin kebul ɗin caji, wayoyin wuta ne a cikinsu sai siraran wayoyi biyu na bayanai, masu aiki da tsohon tsarin USB 2.0 na shekarar 2000, wanda iyakarsa megabit 480 a daƙiƙa. A aikace ba ya wuce megabait 40 a daƙiƙa ko kusa da haka. Raba gigabait 50 ɗinka da wannan, za ka ga minti ashirin ɗin nan da kake kuka da shi. Da kebul mai gigabit 10, aikin bai kamata ya wuce minti guda da 'yan daƙiƙoƙi ba. Ka lura kuma, bit takwas ne ke yin bait ɗaya, shi ya sa lambar kwali take yi wa mutane girma a ido.

Gudun ya yi ta hawa ne mataki-mataki. USB 3.0 ya zo da gigabit 5 a 2008, aka kai 10 a 2013, 20 a 2017. Thunderbolt 3, wani tsarin aika bayanai na kamfanin Intel, ya kawo 40 ta bakin USB-C tun 2015, kuma a kansa aka gina USB4 a 2019. Sabon USB4 na 2022 da Thunderbolt 5 sun kai 80. Duk waɗannan baki ɗaya suke shiga, kuma a ganina nan masu tsarin suka gaza wa jama'a: sun haɗa bakin, sun bar mai saye cikin duhu. Sunayen ma sun rikita, domin USB 3.0 da USB 3.1 Gen 1 da USB 3.2 Gen 1 duk abu guda ne.

Abu uku ne ke jere a hanyar bayananka: ma'ajiyar, kebul ɗin, da kafar kwamfuta. Wanda ya fi rauni shi ke yanke gudun. Ko iPhone 15 mai bakin USB-C gudun USB 2.0 take yi, sai samfurin Pro ne ke kai gigabit 10. Don haka duba bayanin kwamfutarka ma, wata kafar takan fi wata.

Kada yawan wat, wato ma'aunin ƙarfin wutar caji, ya ruɗe ka. Kebul na iya ɗaukar wat 100, ko 240, ya kasance mai saurin caji amma mai nawa wajen bayanai.

Fara gwada gajeren kebul ɗin da ya zo cikin kwalin ma'ajiyar. Gajartarsa da dalili: saƙo mai gudu yana raunana a doguwar waya, shi ya sa kebul mai gigabit 40 da ba shi da na'urar ƙarfafa saƙo a ciki yawanci bai kai mita guda ba. In ya ɓace, nemi wanda aka rubuta 10Gbps ko sama a jikinsa, ko mai alamar walƙiya da lamba 4, wato Thunderbolt 4. Shi zai ɗauki ma'ajiyarka da cikakken gudunta, ya kuma jona maka allon kwamfuta na waje in ka buƙata.