Amsa: Da gaske an kori ɓarayin Ingila zuwa Ostireliya?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske ne Ingila ta riƙa kwasar mutane zuwa ƙetare saboda ƙaramar sata. Da gaske ne, kuma abin ya fi yadda kake zato muni.

A ƙarshen ƙarni na 18, a Ingila, laifuffuka fiye da 200 ne hukuncinsu rataya, ciki har da sace-sace ƙanana. Kora sai ta zama kamar sassauci: shekara 7, ko 14, ko har mutuwa. Tun daga dokar 1718 ake tura su Amurka, kimanin mutum 50,000, yawanci Maryland da Virginia. Da yaƙin neman 'yancin Amurka ya toshe wannan hanya, sai aka cusa fursunoni a tsofaffin jiragen ruwa a kogin Thames. An ma duba wani tsibiri a kogin Gambiya, aka fasa saboda zazzaɓi.

A watan Mayu 1787 jirage 11 suka tashi daga Portsmouth ƙarƙashin jagorancin Kyaftin Arthur Phillip, suka isa Ostireliya a Janairu 1788. Daga nan zuwa 1868 an kai kusan mutum 162,000.

Abin da ke sosa mini rai shi ne yara. Mary Wade yarinya ce ƙarama da aka yanke wa kisa don ta sace tufafin wata yarinya, daga baya aka mayar da shi kora. Talauci ne ya kai yawancinsu can.

Kada kuma a manta da 'yan asalin ƙasar, waɗanda aka ƙwace musu filaye don a zaunar da waɗannan fursunoni.