Amsa ga yarona game da kardan gaba na motar kat-kat

Ɗana, jiya da yamma lokacin da muke wanke hannu ka tambaye ni dalilin da ya sa na ƙi yarda a canza sufule kawai, wato robar da ke rufe gaɓar kardan, a RAV4 ɗin nan ta 2004 mai zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Dakoro, alhali makon jiya mun canza wa wata Corolla sufule, mun cika mata giris, mai ita ya tafi ba mu taɓa kardan ba, wato sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa ƙafa. Ka kuma ce, tunda motar kat-kat ce, wato mai ja da ƙafafu huɗu, me zai hana a cire kardan da ya lalace a bar ƙafafun baya su ja ta kafin a samo wani. An kira magariba ban amsa maka ba, kuma na ga tambaya ce da ta cancanci a zauna a kanta, shi ya sa na rubuta maka.

Ka fara da tuna abin da ke cikin kardan. Sanda ce ta ƙarfe mai gaɓa biyu. Gaɓar waje, wadda ke shiga cibiyar ƙafa, tana da ƙwallayen ƙarfe 6 a cikin keji, kowane yana gudu a kan nasa kwarin, kuma ita ce ke lanƙwasawa har sama da digiri 40 idan direba ya karya sitiyari gaba ɗaya, ba tare da gudun ƙafar ya ragu ko ya ƙaru ba. Wani injiniyan kamfanin Ford mai suna Alfred Rzeppa ne ya ƙirƙiro wannan tsari a shekarun 1920. Gaɓar ciki, wadda ke shiga bwat, wato akwatin giya, tana da yatsu 3 masu ɗauke da ƙananan tayoyin ƙarfe, kuma aikinta shi ne ta shige ta fito yayin da ƙafa ke hawa da sauka a kan ramuka. Abin da ke raya gaɓoɓin nan biyu shi ne giris, abin da ke tsare giris kuma shi ne sufule, wato robar nan mai ninki-ninki. A ƙasarmu sufule ba ya daɗewa, domin zafin bazara yana busar da roba har ta tsattsage, kututturen karan gero a hanyoyin gona yana huda ta, sannan yashi yana jiran ƙofa.

To, bambancin motocin biyu yana nan. Sufulen Corolla ya tsage ne kwana kaɗan kafin a kawo ta, kuma ka ga lokacin da na ɗebo giris ɗin na murza shi tsakanin babban yatsa da manuni: baƙi ne, mai santsi, babu abin da ya karce ni. Na RAV4 kuwa da na murza shi sai na ji shi kamar tsakin gero, launinsa ya koma ja-ja saboda ƙasa da tsatsa, kuma gefen birki da cikin taya duk sun bushe da tsohon giris da ya daɗe da fantsama. Giris da ya haɗu da yashi ya zama abin wasa wuƙa, yana cin ƙarfe a kowane juyi. Da na wanke gaɓar da gazuwal na sa farce a cikin kwarin, sai farcen ya tsaya a wani ɗan rami da ƙwallon ya haƙa. Wannan ramin shi ne ke ba da ƙarar ƙas-ƙas-ƙas da ka ji lokacin da na sa ka zagaya da motar a fili da sitiyari a karye. Sabon giris yana iya rufe bakin ƙarar na ƴan kwanaki, amma ba ya mayar da ƙarfen da ya riga ya tafi, kuma wanda ya karɓi kuɗin mutum a kan haka ya san abin da ya yi.

Ka riƙe alamomin da kyau, domin ba kowace ƙara daga gaba ce ta kardan ba. Ƙas-ƙas a kwana, musamman idan ana ba da wuta, gaɓar waje ce. Girgiza da ke tasowa idan an taka totur a miƙaƙƙiyar hanya, ta kuma lafa da zarar an ɗaga ƙafa, yawanci gaɓar ciki ce. Gurnani da ke ƙaruwa da gudu, wanda ke sauya murya idan an karkata dama ko hagu, wannan rulma ne, wato zoben ƙwallaye da ƙafa ke juyawa a kansa, kuma in ka canza kardan dominsa ka ɓata wa mutum kuɗi. A motar kat-kat akwai ƙarin wuri guda da za ka duba, wato doguwar sandar da ke kai ƙarfi baya, domin ita ma tana girgiza mota idan ta ci. A manyan motoci irin Prado, waɗanda injinsu ke kwance a miƙe daga gaba zuwa baya, akwai kuma wata gajeriyar sanda da ke tasowa daga bwat ɗin raba ƙarfi zuwa gaba, ita ma wasu kardan gaba suke ce mata, saboda haka ka tabbatar da wadda mai mota yake nufi kafin ka kwance ko da noti ɗaya.

Batun a cire kardan a bar baya ta ja mota kuwa, kada ka sake kawo shi a ranka. Ƙarfin inji kamar ruwa yake, inda ya fi sauƙi nan yake bi. Idan ka cire kardan ɗaya, haƙoran da ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba za su riƙa juya gefen da babu komai a banza. A wannan samfurin akwai wani ƙulli mai ɗauke da mai mai kauri a tsakanin gaba da baya, wanda aka yi shi domin ya kama na ɗan lokaci idan ƙafa ta zame a yashi ko laka. Idan ka tilasta masa ɗaukar nauyin mota duka na tsawon tafiya, zai yi zafi ya ƙone, kuma gyaransa ya fi kardan tsada nesa ba kusa ba. Ban da wannan, man bwat zai zube ta ramin da ka bari. Abu na uku, wanda yara da yawa ba su sani ba, shi ne cewa kan kardan da babban notinsa su ne ke matse rulman ƙafa wuri ɗaya. Ko tura mota a cikin garaji ba a so a yi idan notin nan ba ya ɗaure, balle a hau titi da ita.

Sai zaɓen wanda za a saka, kuma a nan ne aka fi yin asara. Yawancin abin da muke samu na hannu ne, daga motocin da ake shigowa da su ta Kwatano, ko kuma wanda ake ɗaukowa daga Katsina da Kano, inda in ka je sai ka ce shaf kafin mai shago ya gane ka. RAV4 tana da mai jan gaba kawai, tana da kat-kat, kuma jikinsu ɗaya ne a ido, amma kardansu, musamman na dama, ba ɗaya ba ne, domin a kat-kat na dama yana ratsawa ta bwat ɗin raba ƙarfi. Haka kuma na mai giyar hannu yana iya bambanta da na otomatik. Saboda haka ba a zuwa kasuwa da baki kawai, da tsohon ake zuwa. Ka kwantar da su biyun a ƙasa kai da kai, ka tura gaɓoɓin ciki har ƙarshe, ka gwada tsawo. Ka ƙirga haƙoran bakin da ke shiga cibiyar ƙafa, ka ƙirga na bakin da ke shiga bwat, kana sa alli a haƙorin farko don kada ka rikice. Ka ƙirga haƙoran zoben ABS (na'urar da ke hana taya ƙamewa idan an taka birki), wanda a Toyota na waɗannan shekaru 48 ne, domin in suka bambanta fitilar ABS za ta kama, birkin ya riƙa yi wa direba abin da bai sa shi ba. Ka shafa wurin da robar tare mai take zama, in ka ji zobe ya ci a ƙarfen ka ajiye shi. Daga ƙarshe ka riƙe sandar da hannu ɗaya ka murɗa kan da ɗaya hannun, in akwai wasa ka bar musu kayansu, komai kyawun fentin da aka shafa masa.

Kwancewa ba ta da wuya ga wanda ya bi tsari. Ka buɗe bakin notin da aka dasa a cikin tsagin sanda tukuna, in ba haka ba zai cinye zaren. Ka sassauta shi da soket 30 mai kusurwa 12 wani yana taka birki. Ka ɗaga mota da kirik, ka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe, kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da kirik kaɗai ke riƙe da ita, balle a kan yashin garajinmu da ke nutsewa. Ka tsiyaye man bwat a kwano mai tsabta, ka cire na'urar ABS ka rataye ta gefe, ka kwance rotil, wato gaɓa mai kan ƙwallo, na sitiyari da na ƙasa, ka ja cibiyar ƙafa waje a hankali kana lura da tiyon birki kada ya ɗauki nauyi. Idan kan sanda ya maƙale, ka mayar da tsohon noti ka daidaita shi da bakin, ka buga da gudumar tagulla ko ta roba.

Wurin fitar da gaɓar ciki nake so ka fi natsuwa. Kada ka kama sanda ka fizga. Babu abin da ke riƙe yatsun nan 3 a cikin kofinsu sai sufule, kuma in ka fizga za su fito, ƙananan alluran da ke cikin tayoyinsu su watse a ƙasa. Na taɓa ganin an yi haka da kardan mai lafiya wanda aka cire don wani aiki dabam, aka wuni ana tankaɗe yashi ana neman allurai, ba a same su duka ba, mai garajin ya biya daga aljihunsa. Kofin ake bugawa ko a ɓanɓare shi da ƙarfe daga gindinsa, da bugu ɗaya mai kaifi, domin wani ɗan zoben waya ne a bakin sanda ke riƙe shi a ciki.

Kafin ka saka sabon, ka canza robar tare mai ko da ba ta fara yoyo ba, domin kuɗinta kaɗan ne, kuma in ta fara zubarwa bayan mako biyu duk aikin nan za a sake. Ka shafa wa leɓenta mai, ka juya zoben wayar bakinsa ya kalli ƙasa, ka shigar da sanda a miƙe ba tare da haƙoranta sun karci robar ba, ka tura har ka ji ta faɗa. Sannan ka ja kofin da hannu, in ya biyo ka bai zauna ba. Idan ka buɗe gaɓa don sa giris, ka yi amfani da wanda ya zo da sufule, baƙin nan na musamman ga gaɓar waje, kada ka ɗebo na rulma daga gwangwani.

Noti kuwa sabo ake sakawa, kuma da sifanar awo ake ɗaure shi. A wannan motar awonsa 216 ne a ma'aunin ƙarfin ɗauri na Nm, wasu motocin kuma sun kusa 300, don haka kowace mota a duba nata. Na san a garaji da yawa bututu ake zurawa a sifana yaro ya hau ya yi tsalle. In ya yi sako-sako rulma zai yi wasa ya mutu, in ya wuce kima zaren ya miƙe ko rulman ya matsu, kuma duka biyun a hanya suke bayyana, inda babu mai taimako. Bayan ka ɗaure ka dasa bakinsa a cikin tsagin. Ka tuna cewa a gefen dama na kat-kat mai iri biyu ne ke iya raguwa, na bwat da na raba ƙarfi, kuma ba a haɗa su, kowane da nasa.

Abu ɗaya ya rage wanda ya shafi kat-kat kaɗai. Kafin motar ta fita ka dubi tayoyinta huɗu. Na lura na gaba sababbi ne, na baya kuma sun cinye, ɗaya ma ba girmansu ɗaya ba. Tayar da ta fi ƙanƙanta tana juyawa fiye da sauran, ƙullin tsakiya yana ɗauka zamewa ake yi, sai ya riƙa kamawa dare da rana yana wahalar da kardan da muka saka. Zan gaya wa mai motar da bakina, amma ina so kana tsaye a wurin ka ji yadda ake faɗa. Gobe in Allah ya kai mu, kai za ka ɗauki tsohon kardan zuwa kasuwa, ka tafi da alli, kuma kada ka biya kuɗi sai ka kira ni ka faɗa mini adadin haƙoran da ka ƙirga a wurare ukun.